Lambun Bayan Ganuwa

Tun hantsi Katsina ke sara mini kai:
hon, injin markaɗe, mai rake da kiransa.
Shekara uku rabona da Batsari,
har yau in zan ce "gida" sai harshe ya yi tuntuɓe.

La'asar sakaliya nake rufe shago a Ƙofar Marusa,
in bi lungu, in tsallake kwata,
in ɓulla lambu.

Baba Barmo na ban ruwa,
wando naɗe har gwiwa.
Bai taɓa tambayar ɗan wa ne ni ba.
Cewa kawai ya yi, "Ɗaga ƙafa, yaro, ruwa zai wuce."

Na ɗaga. Ya wuce,
ya shiga fangalin latas, ya gangara na albasa.
Ƙasa ta sha, ta yi ajiyar zuciya,
ta saki ƙanshin gonar babana
ranar ruwan shuka.

Balbela biyu a bakin rijiya.
Kurciya kan mangwaro tana nanata maganarta guda.
Na cire takalmi.

Da aka kira magariba
ya miƙo mini buta, ko dubana bai yi ba,
yadda ake miƙa wa ɗan gida.