Miƙa Sitiyari

Ƙarfe ɗaya saura, Aboabo ta kwanta,
ni ina durƙushe a bayan tebur,
fitilar waya a bakina,
ina laluben ramin kebul.

Mita talatin na sayo a Adum,
shuɗi, ya cinye mini kuɗin mako.
Na bi da shi ta kan igiyar shanya,
ta gefen tagar Hajiya, ta ƙarƙashin ƙofa,
don intanet na iska ba ya riƙon amana.
Bara ya nuna mana.

Bara, awa ta goma sha bakwai,
muna na shida cikin mota arba'in,
na shigo rumfar gyara, na taka burki,
na ce, Mumuni, karɓi.
Shiru.
Ashe ruwa ya tsuge a unguwar Nima, layinsa ya nutse.
An sa wa motar sabbin tayoyi, an cika tanki,
kujera babu kowa.
Minti goma sha ɗaya muna kallo
har waɗanda muka yi wa dariya suka wuce.

Shi ya sa yau babu tsere, sai gwaji.
Zuwaira a Asawase, littafi a cinya, biro a hannu,
Kwabena a Bantama yana hamma cikin kunnena,
Mumuni ya ranto waya ta biyu.
Mu huɗu, mota ɗaya,
motar da ba ta taɓa shan man Kejetia ba.

Akwai wata lamba a kusurwar allo:
ɗari da arba'in.
Jinkirin da ke tsakanin ƙafata
da wata na'ura a ƙasar da ban san sanyinta ba.
In ta zauna a nan, lafiya lau.
In ƙanwata ta kunna fim a ɗaki,
sai ta yi tsalle ɗari tara,
motata ta ɓace, ta ɓullo a cikin katanga.
Na ba yarinyar sidi goma ta yi barci.

Gwaji na farko: na saki, ya kama.
Na biyu: ya kama a makare.
Zuwaira ta ce, rage yawan motocin da kake gani,
rufe duk abin da ke lasar data a ɓoye.
Na rufe.
Na uku, na huɗu,
na biyar ya fado da mu duka waje.
Kwabena ya yi ashar da yarensu, muka sake shiga.

Babana ya shekara ashirin yana jan goro
daga nan zuwa Bawku.
In barci ya fara satarsa a Kintampo
yakan faka, ya sauko,
ya danƙa makulli hannu da hannu,
ya dubi ƙwayar idon mai karɓa.
Kujerar ma da ɗuminta ake hawa.
Ni wanda nake miƙa wa, sau biyu na taɓa ganinsa.
Maɓalli nake dannawa, in ɗauke hannu,
in ƙirga daƙiƙa talatin
da motar ba tawa ba ce, ba tasa ba.

Ana cikin na tara aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, karnukan layi suka ɗauka.
Batir ya yi ƙara, allo bai mutu ba,
layi ya koma kan wayata da kansa,
lambar ta hau, ta hau, ta yi rawa,
ta sauko ɗari da sittin.

Mumuni?
Ban gan ta ba, in ji shi.
Ban gan ta ba.
Tsaya.
Na gan ta.

Na ji ƙarar totur daga Ankara
tana fita rumfa ba tare da ni ba.
Zuwaira ta ce ta rubuta, kar kowa ya ƙara taɓa komai.
Na jingina, tafin hannuna jiƙe.
A waje mai koko ta fara hura gawayi,
Hajiya kuma na tambaya daga tsakar gida
wane ne ya rataya waya a inda take shanya zane.