Jan Layin Magatakarda

Shekara tara ina riƙe da littafin ƙungiya,
mai shuɗin bango, ɗaure da kyauro.
A ciki akwai bashin taki da kuɗin man inji,
akwai alkawuran gindin tsamiya bayan La'asar,
inda kowa ke cewa "na ji",
ya karkaɗe riga ya tashi.

Sai ranar yashe magudana ta zo.
Barau ya ce ai Talle aka ba wa.
Talle ya rantse shi siminti aka ce ya tayo.
Siminti kuwa yana Haɗeja, bai san da zamanmu ba.
Ruwa ya iso ya tarar kacala ta tare hanya,
ya yi kwana, ya faɗa gonar da ba ta kira shi ba.
Na buɗe littafi in raba gardama,
ashe gara ta riga ni:
ta cinye makon farko na Janairu
har da rabin sunan Talle.

Bana Ladidi 'yar ma'aji ta dawo daga karatu a Dutse,
ta ce a miƙo wayoyi.
Bakwai aka samu masu shafawa, ɗaya gilashinta a tsage.
Ta zuba mana manhajar tsara aiki,
ta yanka noman rani gunduwa-gunduwa kamar rake:
yafa iri, huɗa, dashe, ban ruwa, taki na fari, taki na biyu,
ko wace gaɓa da sunan mai ita,
da ranar farawa, da ranar da uzuri ya ƙare.
Wanda bai iya boko ba ya yi magana, ta ajiye muryarsa.
Wanda ya gama ya ɗauki hoto,
layinsa ya zama kore kamar shinkafa 'yar sati uku.

Na ce mata, yarinya, waya ba ta riƙe fartanya.
Ta ce, Baba, ba ta riƙewa.
Ba ta dai mantuwa, kuma ba ta da suruki a cikinmu.

Sabis sai an hau kan gaɓar madatsa,
caji sai a shagon Jatau, naira ɗari.
Duk da haka abin ya zauna.
Ita ta nuna mana dashe ba zai yiwu ba
sai an gyara injin Gambo,
injin Gambo kuma yana jiran bel,
bel yana jiran dubu shida
da ke kwance a aljihun wanda bai san ana jiransa ba.
Da can sai ganye ya yi ja muke gano irin wannan.
Uwani ta daina ƙidaya kuɗi sau uku gaban shaidu,
kowa na ganin shigarsu da fitarsu daga tabarmarsa.
Taron da kan kai mu Magariba
yanzu shayi bai huce ba an shafa fatiha.

Ranar wata Laraba wayata ta yi ƙara tun ban karya ba.
Layi ɗaya ya yi ja a duk faɗin allon.
Na gyara tabarau ina murmushi,
na ce yau Barau ya shiga hannu.

Takardar neman iri, a kai ofishin gona na Auyo.
Kwana huɗu da wucewa.
Mai aiki: Tanimu Magatakarda.

Na duba hagu, na duba dama,
babu gara, babu Talle.
Takardar na nan cikin shuɗin littafi,
inda na ɓoye ta don kada ta ɓata.

Ban ce wa kowa komai ba, ai kowa ya gani.
Na buga wa keke iska.
A hanya na wuce Barau cikin magudana,
laka har gwiwa, shebur a hannu.
Ya ɗago ya ce, "Malam, a sauka lafiya,"
bai ƙara ko kalma ba,
sai haƙoransa.