Minti Takwas

Shekara talatin ina tuƙa jirgin fito a kogin Valdivia,
yanzu sana'ata ciwon aro.
Ran Talata nakan kwanta a ɗaki na biyar,
in dafe ƙirji kamar mai ɓoyon kuɗi.
An rubuta mini ciwon a takarda:
ya fara da asuba, yana sauka hannun hagu, ina shan taba.
Tabar kam gaskiya ce.

Ƙararrawa ta kaɗa.
Su shigo ɗai-ɗai, farar riga, maƙogwaro a bushe.
Likita Amaro tana lungu da takardar maki,
ba tari, ba murmushi,
alƙalaminta kaɗai ke da baki.

Wani ya wanke hannu sau biyu, bai tambayi sunana ba.
Wani ya jero tambayoyi kamar mai ƙirga kayan kanti,
idonsa a kan agogo,
ni kuwa ina cikawa a gefensa.
Sau tara na mutu kafin abincin rana.

Sai Rayén.
Ta ɗumama bakin abin sauraron ƙirji a tafinta
kafin ta ɗora mini.
Babu gurbin wannan a takardar.
Ta ce, "Don Eleodoro, wa ke tare da kai a gida?"
Wannan ma ba a rubuta mini amsarsa ba,
sai gaskiya ta suɓuce:
ba kowa, tun da Clorinda ta tafi.
Ta yi shiru, shirun da ya ci mata minti guda.
Ƙararrawa ta kaɗa,
ba ta ba ni asfirin ba.

Da yamma, ruwa na dukan taga,
aka zaunar da su, ni ma aka ba ni kujera.
Likita Amaro ta nuna mata gurbin da ya zauna fayau.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ta ce, "Gara ki manta a nan,
inda mamaci ke tashi ya nemi shayi."
Sannan ta juyo: "Kai fa, yaya ka ji?"
Na ce a hannunta na mutu,
amma ita kaɗai ta san wanda ya mutu.

Talata ta zagayo.
Asfirin ya zo a minti na uku,
tambayar gida a na bakwai.
Tafin nata har yanzu da ɗumi.