Jaka Ta Cika

Kuran ya tafi tun bayan isha'i,
Bagalam ta yi tsit, sai injin mai ƙanƙara.
Ina kan dakalin gidanmu, waya a tafin hannu,
caji saura goma sha ɗaya,
wasa ya tsaya mini a maƙogwaro:
jakarka ta cika, in ji shi,
ko allura ba za ka ƙara ba.

Ga takobin da na kwana uku ina farauta
yashe kusa da gawar dodo,
nauyinsa ashirin, ƙyallinsa kamar sabon kwano.
In na yi jinkiri ya ɓace.

To, mu zazzage.
Kwalkwali biyu iri ɗaya, guda da tsaga:
mai tsaga, wuce maƙera.
Takalman da ke ƙara gudu kashi biyu cikin ɗari,
kashi biyu! Ko tsohon kabu-kabun Sale ya fi su zuciya.
Ku wuce.
Kibau bakwai masu dafi, alhali ban da baka,
tun damina na ajiye su saboda wata rana.
Wata rana ta haihu a jakar nan,
'ya'yanta sun yi jikoki.
Zoben da ban san aikinsa ba,
na dube shi, ya dube ni,
na bar shi, ba ya da nauyi.

Na rage goma sha huɗu. Saura shida.
Caji takwas.

Can ƙasa, a gurbin ƙarshe,
garkuwar katako mai bakin ƙarfe.
Nauyinta shida cif, kamar da gayya.
Ba ta tare komai yanzu,
ɗan ƙaramin kwarangwal ma fasa ta yake.
Rabe ya ba ni ita ranar da na fara,
muna zaune a kantin wansa a Mokoyo,
yana dariyar yadda nake gudu in faɗa rami.
Riƙe wannan, ya ce, kafin ka yi hankali.

Rabe ya hau mota ya yi arewa haƙar zinariya.
Sunansa a wasan ya koma toka-toka,
ƙarƙashinsa an rubuta:
rabonsa da shiga, kwana ɗari biyu da tara.
Uwarsa ta ce yana kira ran Juma'a in akwai rezo.
Ni bai kira ni ba. Ni ma ban nema ba.

Bayan katangarmu Ɗan Jimma mai tukwane
kullum da hantsi yake hura wuta.
Gwangwanin lemo, tsohon fistan, murfin da ya lanƙwashe,
duk cikin kasko guda.
Ban taɓa ganin ya tambayi gwangwani wa ya sha shi ba.
Wata mata ta kawo tukunyar kakarta da ta huje,
tana ta juya ta a hannu, ta ƙi saki.
Ya ce, Hajiya, ƙarfe ba ya mutuwa,
suna kawai yake sakewa.
Ta saki. Ta dawo jibi ta karɓi ludayi biyu.

Caji biyar.
Sauro ya samu idon sawuna.
Wasa ya tambaya: ka tabbata?
Wane irin tabbata, da tsakar dare?

Na danna.

Wuta ta yi fau, ƙaramar ƙara,
garkuwa ta zama ƙusa uku da ɗan gawayi.
Ƙusa uku, Rabe. Kuɗinka ke nan a wurinsu.
Na ɗauki takobin, na buga ƙusoshin a ƙotarsa,
ƙarfinsa ya ƙaru da ɗaya.

Gurbin ƙarshe ya zauna wayam,
baƙi, mai kusurwa huɗu, kamar tagar ɗakin da aka tashi.
Na yi niyyar barinsa haka.
Taku goma na yi, na ga wasu takalma a gefen hanya,
kashi uku cikin ɗari.
Na sunkuya.

Waya ta mutu a hannuna da ɗuminta.