Lambar Jinin Ermelinda

Ƙarfe uku na dare a Valdivia, ruwa bai ɗauke ba.
Nibaldo ya ɗiga dafin kububuwa a kwalbar gwaji,
ya zuba wa agogo ido.
Jinin Ermelinda yana jan ƙafa,
ya ƙi daskarewa.
A jijiyarta kuwa gudaji yake yi,
ciki uku ya ɓarar mata.

Sunan abin ma yaudara ne:
wai kyarkeci, wai mai tsinka jini.
Shi ya sa aka yanka wa gwajin lamba,
ɗaya tak,
wadda likitan Osorno zai gane
ba sai ya tambayi kowa ba.

Nibaldo ya buga lambar, ya sake dubawa.
Bayan mako goma sha biyu
za ta dawo, ta miƙa hannu.
Shayinsa ya huce.