Kwatance ga Wanda Yau Ya Zo

Ƙarfe uku a Garwa, fanka ta gaji,
Binuwai ta ja jiki ta bar yashi.
Ni da kwamfuta da shayin da ya huce,
ina bin abin da Bawuro ya rubuta daren jiya.

Kayan aiki sha bakwai ya jera wa wakilinmu,
wakilin na'ura mai amsa wa 'yan albasa ta waya,
wanda bai taɓa taka Pitowa ran Lahadi ba,
bai san warin buhun da ya wuni a rana ba.
Ba ya ganin kayan.
Sunansu yake gani, da 'yan layukan da aka rataya musu a wuya.
Nawa aikin, in karanta in ce:
wannan ya nuna, wannan da sauransa.

Na farko: "Yana duba farashi."
Kalma uku, kamar gaisuwar mai fushi.
Farashin me, Bawuro? Na buhu ko na tiya?
Na yau, ko na makon da ruwa ya yanke hanya?
Na ba shi ɗaya cikin biyar, don dai ya yi sallama.

Babana bakanike ne a Yelwa,
rabin ransa ƙarƙashin mota ya yi shi.
Sai ya miƙo hannu baƙi ƙirin ya ce, "Ba ni abin nan,"
Gambo ya ɗora masa sifana sha uku, ba tambaya.
Amma shekara tara Gambo ya yi yana kallon hannun,
ya sha ranƙwashi, ya san tarin injin da na maigida.
Wakilinmu kullum yau ya zo.
Kowace tambaya, ranarsa ce ta fari a gareji.

Na tara: "Yana kawo kuɗi da dala."
Nan na ajiye kofi.
Dalar wa?
Tamu ta bakin rumfa, sefa biyar,
ko waccan da 'yan canji ke lasar yatsa kafin su ƙirga?
Na gwada shi da muryar Inna Kande:
"Ɗana, nawa buhu yau?"
Dala dubu uku ya gani,
ya juya su cikin ladabi, ba ko gargada,
ya ce mata miliyan biyu ba kaɗan.
Buhun albasa ɗaya, kuɗin fili da katangarsa.
Bai yi ƙarya ba.
Da mudun da aka miƙa masa ya auna.

Na sha ɗaya da na sha biyu tagwaye ne,
"nemo mota" da "nemo abin hawa",
riga ɗaya, ba tsaga, ba tabo.
Sau goma na tambaya, shida ya bi wannan, huɗu wancan,
akuya tsakanin dami biyu.

Sai na sha biyar.
Ina jin bayan asuba ya rubuta shi, ido a wanke:
ga lokacin kirana, ga lokacin da za ka ƙyale ni,
ba ni sunan gari da rana, nauyi da kilo,
in ban samu ba zan ce babu,
kai ma ka ce babu, kada ka ƙaga.
Na karanta sau biyu don daɗi kawai.

Da la'asar Bawuro ya leƙo, hular kwano a hammata.
"Haba, ai kowa ya san dala."
Na ce, kowa wa?
Ya buɗe baki, ya rufe, ya jawo kujera.
Muna kan na uku aka ɗauke wuta.

A hanyar gida wani baƙo da jaka ya tare ni,
tashar Marwa yake nema.
Har na ɗaga hannu zan ce, "Can gaba kaɗan."
Na sauke.
Na ce masa: kwana biyu dama, ɗaya hagu,
in ka ga mai kifin Lagdo ƙarƙashin darbejiya,
ka wuce, dawo baya.