Tagar Ƙasa

Tagarmu daidai take da bakin titi,
don haka tun ban iya karatu ba
na iya karanta takalma:
mai ƙwas-ƙwas na Madam Perihan ne, hawa na biyar,
mai jan ƙasa na tsohon alƙali.
Fuskoki kuwa sai da na girma na ɗaga kai.

Babana Dursun, mai gadin bene a Kadikoy,
kafin gari ya waye ya rataya kwando,
burodi goma sha huɗu, jarida tara,
ƙofa-ƙofa, ba ya ƙwanƙwasawa da ƙarfi.
Da dare ya sauko da sharar kowa.
Mu a ƙasa, maƙwabtan tukunyar ɗumama gida,
hannu biyar a faranti ɗaya,
Inna Zekiye na cewa a rage murya,
na sama suna barci.
Har dariya da awo muke yin ta.

Rigar sallata tsohuwar ɗan likita ce.
Ya gane ta a matakala, bai ce komai ba.
Shirun nan har yau yana min ƙaiƙayi a wuya.

Yanzu ina hawa na tara, wata unguwa,
teku na leƙo mu ta taga.
Matata Nilufer ta tashi inda kowa ke da ɗakinsa,
da cokali uku gefen kowane faranti.
'Yarmu Defne na tsalle a daɓe son ranta.
Ni ke cewa a hankali,
uwarta ta ce: wa kake tsoro?

Bara Baba ya zo kwana uku.
Ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran kira.
Da ya ga mai gadinmu ya riƙe shi hannu bibbiyu,
suka tambayi juna ƙauye, suka sauka shan shayi.
Da na bi sawu, tun daga matakala
na jiyo dariyarsa, cikakkiya, ba awo.

Da asuba na tarar da shi a ƙofar maƙwabci,
baƙar leda a hannu.
Na ce, Baba ajiye, akwai mai yi.
Ya dube ni, ya dubi ledar.
"Na sani," ya ce. "Bayansa ke ciwo."

Na tsaya cikin silifas ɗina masu laushi.
Lif ya zo, ya buɗe, ya tafi da shi.
Akwai wata ledar a ƙofa ta gaba.
Na daɗe ina kallon ta.